Baƙon Da Ya Zo Zazzau Neman Sarewa

Ƙofar Gayan tana kudancin birnin Zazzau. Yau idan aka ambace ta, abin da ke fara zuwa ran mutane shi ne asibitin Hajiya Gambo Sawaba, da hayaniyar 'yan acaɓa, da gidajen da suka tsallake ganuwa suka bazu. Amma a da ƙofar iyaka ce ta gaske: ciki birni, waje gonaki da burtali. Mazaunin wannan gefe yana tsakanin sauti iri biyu. Daga cikin gari akwai kiɗan sara, wanda makaɗan sarki suke yi a ƙofar fada daren Juma'a da tambari da kakaki da algaita. Daga bayan ganuwa kuma akwai sarewar makiyayi, da yamma lokacin da shanu ke komawa ruga, siririya, ba ta kiran sunan kowa, ba ta roƙon kowa.

Irin wannan sarewa ce ta zaunar da wani dattijo Ba'amurke a Zariya shekara huɗu cur, daga 1981 zuwa 1985. Bayan komawarsa gida da shekara biyu ya fitar da wani faifai da ya haɗa tsarin kiɗan Turai na dauri, da na'urorin lantarki, da kalangu, kuma faifan ya ci kyautar Grammy. Sunan dattijon Yusef Lateef. A Amurka da Turai ba a rubuta tarihin kiɗan ƙarni na 20 a tsallake shi. A Zariya kuwa, inda ya sha ruwa ya sha ƙurar hunturu, da wuya ka tarar da matashin da ya taɓa jin labarinsa.

Iyayensa sun raɗa masa suna William Emanuel Huddleston. An haife shi ranar 9 ga Oktoba, 1920, a Chattanooga ta jihar Tennessee, ya tashi a Detroit, birnin masana'antun motoci, inda baƙaƙen fata daga kudancin Amurka suka yi ta kwarara neman aiki, suka taho da kiɗansu. Da busa saksofon ya fara cin abinci. A 1949 yana cikin ƙungiyar Dizzy Gillespie, ɗaya daga cikin manyan gwanayen jaz, daga baya ya yi aiki da Charles Mingus da Cannonball Adderley. A ƙarshen shekarun 1940 ɗin nan ne ya karɓi Musulunci ta hannun 'yan Ahmadiyya, ya koma Yusef Abdul Lateef.

Tun a shekarun 1950 aka gane kunnensa ba irin na sauran ba ne. Ya riƙa shigo da kayan busa waɗanda ba a saba ji a jaz ba: argul na Misirawa, da shanai na Indiya, da obo, wato algaitar Turawa. A wani faifansa na 1957 har kwalbar lemo da balan-balan ya sa suka yi sauti. Faifansa mai suna Eastern Sounds na 1961, wanda har gobe ake saye, ya buɗe shi ne da wata 'yar sarewar yumɓu ta mutanen Sin, mai muryoyi 'yan kaɗan, yana juya su a hankali ba gaggawa. Kalmar jaz ɗin ma ba ya son ta, yana ganin akwai raini a cikinta, don haka ya ƙirƙiro wa kiɗansa suna na kansa, mai nufin abin da ke fitowa daga jiki da hankali da ruhin mai yinsa. Mutum ne kuma mai son karatu. Ya yi digiri na ɗaya da na biyu a makarantar kiɗa ta Manhattan, a 1975 ya kammala digirin digirgir a Jami'ar Massachusetts, inda ya kwatanta ilimin boko da ilimin Musulunci. A 1980 ya yanke shawarar daina wasa a duk wurin da ake sayar da giya. Ga makaɗin jaz a Amurka wannan ba ƙaramar magana ba ce, domin a irin waɗannan wurare mafi yawan abincinsa yake.

Shekara ta zagayo sai ga shi a Zariya da iyalinsa, yana ɗan shekara 60.

Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe a 1962, tana kan ganiyarta a lokacin. Tana da Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya, wadda masanin tarihi Michael Crowder ya shugabanta a farkon shekarun 1970, kuma cibiyar tana da makaɗa da masu rawa da 'yan wasan kwaikwayo nata na kanta. A harabar jami'ar da ke Samaru akwai dandalin wasa na ginin ƙasa, wanda wani maginin zamani Ba'amurke, Steven Ehrlich, ya tsara a tsakiyar shekarun 1970 bisa fasalin gidan Bahaushe, ɗalibai suna kiransa Drama Village. A wannan cibiya aka ɗauki Lateef babban jami'in bincike. Aikinsa ya haɗa da koyar da dabarun bincike da yin aiki tare da makaɗa da 'yan wasa, amma zuciyar aikin ita ce sarewar Fulani.

Ba shi ne baƙo na farko da ya zo Zazzau don kiɗa ba. A 1963 da 1964, zamanin Sarki Muhammadu Aminu, wani masani Ba'amurke, David Ames, ya zaga birni da ƙauyuka da rikoda, ya ɗauki makaɗan fada da na mahauta da na maƙera da na manoma. An buga wasu daga cikin abin da ya ɗauka a jerin faya-fayan UNESCO, kuma a 1971 shi da Anthony King, wanda ya yi nasa binciken a Katsina, suka wallafa ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa. Aiki ne mai daraja. Sai dai Ames mai rubutu ne, ya zo ya ji ya ajiye. Lateef mabushi ne, ya shekara arba'in yana fama da numfashi da leɓe, saboda haka abin da ya ji a sarewa daban yake.

Sarewa abu ce mai sauƙin gani: kara ko ice mai rami, buɗe sama da ƙasa, da huda huɗu. Ba ta da wani marfi ko harshe da ke taimakon mai busa. Shi zai karkata ta a bakinsa ya nemo inda iska za ta kama, kuma sabon shiga yakan daɗe yana hurawa ba a ji komai ba sai huci. Gwani kuwa daga hudar nan huɗu yake fitar da muryoyi masu yawa, ta hanyar ƙara ƙarfin iska ko rage shi. Sannan akwai abin da ya fi jan hankali: mabushi yakan haɗa busa da gunji daga maƙogwaro, sai a ji sauti biyu lokaci guda, ɗaya yana kwance a ƙasa ba ya motsi, ɗaya yana yawo a samansa. Algaita ma tana da nata sirrin. Mai busa ta yana tara iska a kumatu, yana shaƙar wata ta hanci, don haka sautin ba ya yankewa ko da minti nawa za a yi. Duk yaron da ya taɓa tsayawa kallon hawan sallah a ƙofar fadar Zazzau ya ga kumatun nan sun kumbura, ya ji sautin yana tafiya ba tsayawa.

Sauti mai tsawo wanda ba ya yankewa, da 'yan muryoyi kaɗan da ake maimaitawa suna canzawa a hankali: wannan shi ne abin da wasu masu kiɗa a Turai da Amurka suka shafe shekaru suna nema da na'ura. A 1917 wani Bafaranshe, Erik Satie, ya fara rubuta kiɗan da ya ce a bar shi ya zauna a ɗaki kamar kujera, ba sai an tattara masa hankali ba. A 1944 a Alƙahira wani ɗalibi, Halim El-Dabh, ya ɗauki muryoyin mata a wajen bikin zar da rikoda mai waya, ya kai gidan rediyo ya sarrafa su har suka koma wani sauti da ba a san irinsa ba. Ya riga Pierre Schaeffer na Faransa da shekara huɗu, ko da yake Schaeffer aka fi ambata idan ana maganar mafarin kiɗan na'ura. A 1978 kuma Brian Eno na Ingila ya fitar da Music for Airports. Ya yanka zaren rikoda gunduwa-gunduwa, kowane da tsawonsa, ya ɗaura bakin kowane da ƙarshensa, ya sake su suna zagayawa tare. Tun da tsawonsu bai zo ɗaya ba, muryoyin ba sa haɗuwa sau biyu a wuri guda. Shi ya raɗa wa salon suna ambiyent, abin da za a iya kira kiɗan natsuwa.

Lateef bai tsaya ga rubutu ba. A 1983 cibiyar ta fitar da faifansa mai suna Hikima, wanda ya yi tare da makaɗa da mawaƙan Nijeriya. A shekarar kuma ya shiga sitidiyo a Legas ya ɗauki wani, wanda kamfanin Landmark ya fitar a Amurka a 1985 da sunan In Nigeria. A cikinsa akwai kiɗan da ya sa wa suna Drama Village, akwai kuma mai sunan Hausa, ruwa mai zurfi. Wanda ya saurari faifan zai ji saksofon ɗin ba ya danne ganguna. Yana shiga tsakaninsu, ya yi magana, ya ja baya. Sakamakon binciken kuwa ya fito a 1987 cikin littafin Hausa Performing Arts and Music, wanda ya rubuta tare da abokin aikinsa Ziky Kofoworola, mujallar Nigeria Magazine ta buga a Legas.

A wannan shekara ta 1987 kamfanin Atlantic ya fitar da Yusef Lateef's Little Symphony. Simfoni a al'adar Turai babban kiɗa ne da ake rubutawa a takarda, mutum sittin ko fiye su zauna su kaɗa, kuma tun zamanin marubucin kiɗa Haydn aka saba raba shi kashi huɗu. Lateef ya riƙe kashi huɗun, ya ba kowane sunan saurinsa da Italiyanci yadda aka gada, na farko mai tsananin nawa, na ƙarshe mai gudu. Amma babu mutum sittin. Shi kaɗai ne. Ya ɗauki wannan ya ɗora wancan a kai, saksofon da sarewa iri-iri, da fiyanon Casio, da wata na'ura mai suna Ensoniq Mirage wadda ke kama sauti ta ajiye, mai kiɗa ya riƙa fitar da shi da yatsu a kowace murya ya so. A jerin kayan kiɗan faifan akwai gangar ruwa, akwai kalangu.

A watan Maris na 1988 aka ba faifan kyautar Grammy a rukunin da ake kira New Age, rukunin da shekararsa ta biyu ke nan da kafawa. Ba duk masoyansa na da ne suka yi na'am ba. Masu son su ji shi yana tsala saksofon kamar zamanin Detroit sun ga kamar dattijo ya yi sanyi. Gaskiya ne sautin Casio na wancan lokaci yana da ƙaranci, kuma akwai wuraren da faifan ke nuna shekarunsa. Amma akwai jarumta a cikinsa. Mutum ne mai shekara 66, wanda sunansa ya riga ya kafu, ya zauna gaban na'urar da samari ke wasa da ita yana koyon harshenta. Ba za a ce Zariya ce ta haifi faifan ba, domin neman da yake yi ya girmi zuwansa Nijeriya da shekara talatin. Sai dai wanda ya san sarewa zai gane wannan haƙuri na barin murya ɗaya ta daɗe kafin a taɓa ta biyu, kuma kalangun da ke ciki ba daga Detroit ya zo ba.

Abin sha'awa, lokacin da Lateef ke Samaru, akwai wani a Yamai da ya riga ya kama hanyar daga ɗaya ɓangaren. Mamman Sani Abdoulaye ma'aikaci ne da aikin UNESCO ya riƙa kai shi ƙasashe. A wajen wani taro ya ga wani wakili ɗan Ruwanda da fiyanon lantarki ƙirar Italiya mai suna Orla, ya lallashe shi ya sayar masa. Da ya dawo gida sai ya riƙa ɗauko karin waƙoƙin gargajiya na Nijar, har da na Fulani Wodaɓe da na Buzaye, yana zuba su a kan na'urar, a hankali, da ɗan bugun da ke tafiya a ƙasa. A 1978, shekarar da Eno ya fitar da nasa a Ingila, Mamman Sani ya shiga gidan rediyon ƙasa ya ɗauki kaset ɗinsa na farko. Kaset ɗin bai yaɗu ba, kwafi kaɗan aka yi. Amma rediyo da talabijin na Nijar sun yi shekara da shekaru suna sa kiɗansa tsakanin shirye-shirye, har mutanen Maraɗi da Damagaram suka haddace shi ba tare da da yawansu sun san mai shi ba. Sai a 2013 wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, wanda ya ci karo da kaset ɗin a wata ma'ajiya a Yamai, ya sake buga shi a kamfaninsa na Sahel Sounds da sunan La Musique Électronique du Niger. Daga nan Mamman Sani ya fara zuwa Turai wasa, yana da shekara sittin da 'yan kai, aka bi da wasu faya-fayan nasa irin su Taaritt.

To me ya faru a namu ɓangaren? Fiyano ya iso, kuma ya iso da ƙarfi. Bayan fim ɗin Turmin Danya na 1990 ya buɗe kasuwar finafinan Hausa a Kano, sitidiyoyi irin su Iyan-Tama suka fara sayen Yamaha samfurin PSR a shekarun 1990, abin da Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya bi diddiginsa a rubuce-rubucensa. Samari suka gano cewa cikin na'urar akwai muryoyin da ke kama da sarewa da kalangu da shantu, waƙar fim ɗin Sangaya ta nuna wa kowa abin da za a iya yi da su, aka haifi kiɗan nanaye. Yau a Sabon Gari da Tudun Wada da cikin birnin Zariya akwai ɗakuna da yawa inda yaro ɗaya da kwamfuta ɗaya ke haɗa abin da a da sai makaɗa goma. Ƙwarewa ce ta gaske, kuma ta ciyar da gidaje. Amma kusan duk an ɗaure ta ga aiki biyu: rakiyar murya da tayar da rawa. Waƙar soyayya, waƙar biki, waƙar siyasa, bege. Da wuya a ji wanda ya saki kiɗa zalla na minti goma ya ce a zauna a saurara.

Wannan yana da tushe. A ƙasar Hausa magana ce sarauniya, kiɗa bafadenta. Ana son Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Shata ne saboda abin da suka faɗa, kuma ko kakaki da kalangu idan suka yi sauti, kunnen Bahaushe kalmomi yake ji: take ne, kirari ne, sunan wani ake kira. Makaɗi yana da ubangida, kiɗa yana da wanda aka yi dominsa. Sarewar makiyayi tana cikin 'yan kaɗan da suka fita daga wannan tsari, domin mai busa ta ba ya jiran kyauta daga kowa. Kuma a nan ne daɗin kiɗan natsuwa yake. Ba ya gaya wa mai sauraro abin da zai ji a ransa. Tela a kan kekensa, ɗalibi mai bitar jarrabawa, mai jinya da dare ya yi masa tsawo, kowa yana zuba nasa tunanin a ciki. Tsarin Turai na dauri yana ba wannan kiɗa ƙashi, yadda zai yi tsawo bai wargaje ba. Na'ura tana ba shi launukan sauti da numfashin da ba ya ƙarewa. Abin da ba ta iya bayarwa shi ne kari, wato hanyar da muryoyi ke bi su hau su sauka har mutum ya ji na gida ne, kuma wannan ƙasar Hausa tana da shi jibge.

A Yamai Mamman Sani ya sami magaji. Wani matashi da ake kira Hama ya fara da tsohon fiyanon Yamaha, kiɗansa ya yi ta yawo a katin waya kafin Sahel Sounds su fitar masa da Torodi a 2015 da Houmeissa a 2019, duka kiɗa ne na lantarki da aka gina a kan karin gargajiya. Babu abin da Yamai take da shi na kayan aiki wanda Zariya ba ta da shi.

Lateef ya ƙarasa rayuwarsa yana koyarwa a Massachusetts. Ya kafa kamfanin faya-fayansa, YAL, a 1992, ya rubuta manyan kiɗe-kiɗe har da wanda gidan rediyon WDR na Jamus ya nema a 1993, kuma a 2010 hukumar fasaha ta Amurka ta ba shi lambar girma mafi daraja da take bai wa makaɗan jaz. Ya rasu ranar 23 ga Disamba, 2013, yana da shekara 93. A 2019 wani ƙaramin kamfani a Amurka ya sake buga Hikima, masu tara faya-fayai a ƙasashen waje suka yi ta saye.

Faifan nan a ƙarƙashin sunan Jami'ar Ahmadu Bello ya fara fitowa, kuma hannun makaɗanmu ne a kan gangunansa. Ya kamata Sashen Wasan Kwaikwayo na jami'ar da Laburaren Kashim Ibrahim su tabbatar kowane ɗalibi zai iya jin Hikima da In Nigeria, ya kuma karanta littafin 1987. Gidajen rediyon Zariya da Kaduna su ware ko rabin awa ne a mako su sa irin wannan kiɗa, su faɗi tarihinsa da Hausa. Masu sitidiyo kuma su nemo mabusan sarewa da algaita da suka rage, su biya su haƙƙinsu, su ɗauke su da kyau da sunayensu tun suna raye.